Harshen da Ya Rage wa Haladu

Shafi na 11

Bismillahi. Masu aiko min saƙo cewa na bar su a tsaye, ku yi haƙuri. Kwana uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Wannan shafin ban so rubuta shi ba.

*

Sautin ya sake zuwa daren Laraba, ta cikin bangon da ya raba ɗakina da na Alhaji Haladu.

Ba kuka ba ne, ba kuma nishi ba. Kamar mutum ya sa bakinsa cikin tulu yana rera wani abu. Kalma biyu, sau uku, sai shiru. Can kuma ya sake.

"Upalo shegwitsƙalen."

Haka kunnena ya kama, haka na rubuta a bayan kwalin dabino.

Sati uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maƙwabcin nawa. Ta tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa. Ta tafi da Hausarsa. Ta tafi da Larabcin shekara talatin da takwas da ya yi yana gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a Madina. Asibiti suka sallamo shi, likita ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Kowa ya san abin da wannan ke nufi.

Tun daga ranar muke laƙanta masa kalmar shahada. Mu ce la'ilaha illallah, shi kuma ya buɗe baki ya rera nasa.

Shittu, wanda ke hawa na ƙasa, ya riga ya fara yawo da magana a unguwarmu ta Aziziyya. Yau ya ce aljani ne. Gobe ya ce mummunan ƙarshe ne, Allah ya tsare mu.

Ni kuwa na yi wa matarsa alkawari.

"Hajiya Tasallah, ki kwantar da hankalinki. Ba a Foland ya yi samartakarsa ba? Shi da bakinsa ya sha gaya mana. Shahada yake yi da yarensu. Zan kawo wanda zai tabbatar."

Ta ce daga bayan labule, "Malam, idan ya tafi a haka, ba mutuwar ce za ta kashe ni ba. Bakin mutane ne."

Da safiyar Alhamis sai Haladu ya jawo biron da ke aljihuna da hannun hagu. Ya yi zane a kan takardar magani. Layi biyu.

Na kawo ta ɗaki, na jawo akwatina.

Wanda ya biyo labarin nan ya san akwatin. Shekara ashirin na yi ina share motocin alhazai a Bi'ir Ali, inda suke ɗaura harami, kuma duk takardar da na tsinta da baƙon rubutu ba na zubarwa. Kwalin magani, ledar biskit, tambarin jaka. Ni da na tsaya a aji huɗu ba na iya karanta ko ɗaya. Ina son kallonsu ne kawai, yadda wani ke son kallon tantabaru.

Na fito da ledar alewa ta Foland. Haruffan boko ne irin namu, sai dai wasu an yi musu wutsiya, wani an soke shi da sanda a ciki.

Na ajiye ta kusa da rubutun Haladu.

Ko kusa.

Nasa zagaye-zagaye ne, kamar 'yan kunnen mata da aka zube a faranti. Babu babban baƙi, babu ƙarami.

Na kwashe akwatin har ƙasa. Can na sami kwalin shayi da ya yi shekara tara a wurina. Zagayen iri ɗaya. A gindinsa an rubuta sunan ƙasar da boko: Jojiya.

Na ware shi gefe tare da ledar.

*

Bayan Azahar na je ƙofar Jami'a na tsaya, leda a hannun dama, kwali a hagu. Duk farin ɗalibin da ya fito sai na tare shi. Wasu suka ɗauka bara nake. Wani ma ya sa min riyal a cikin kwalin.

Kafin La'asar na sami biyu.

Selim, dogo, mai jan gemu, ɗan Foland. Ya ce kakanninsa Musulmi ne tun shekaru ɗaruruwa, ba tuba ya yi ba, kada in yi masa barka.

Taimur, gajere, mai gira a haɗe, ɗan Jojiya, daga wani gari na bakin teku da ake kira Batumi.

Da Larabci muka yi magana. Ni ne nake mayar muku da ita Hausa.

A cikin tasi na ce, "Ku biyun dai 'yan uwa ne ko? Duk farare, duk ƙasar sanyi."

Selim ya yi dariya. "Ya Hajj, ni da ɗan Rasha idan muka yi haƙuri da juna za mu gane rabi. Wannan kuwa, idan yana waya da mahaifiyarsa, ji nake kamar ana fasa goro a maƙogwaro."

"Kai kuma fa?" in ji Taimur. "Shi-shi-shi, shi-shi-shi. Kamar an zuba albasa a mai."

"Yaya kuke cewa ruwa?" na tambaya.

"Voda," in ji Selim.

"Tsƙali," in ji Taimur.

Na juyo gaba ɗaya daga kujerar gaba. "Sake faɗa."

"Tsƙali."

Jama'a, tsa ɗinmu ce, ta tsamiya. Ƙa ɗinmu ce, ta ƙasa. Shekara arba'in ina jin Larabawa suna ce min Dan'inna, suna ce wa ƙosai kosai. Yau ga wani daga bayan duwatsu yana ƙa kamar an haife shi a Ƙofar Mata.

Na ce, "Ce ƙaiƙayi."

Ya ce, "Ƙaiƙayi."

Na ce wa Selim, "Kai ma ce."

Ya gwada sau uku, direba ya tambaya ko a tsaya a ba shi ruwa.

Taimur ya ce su da ashirin-ashirin suke ƙirga, arba'in a wurinsu ashirin biyu ce. Na tuna kakata da ke cewa hauya biyu. Na ji daɗi ƙwarai. Har na manta inda za mu.

Wannan shi ne halina, kuma shi ne ya jawo abin da ya faru.

*

Ɗakin a cike yake. Kun san mu da zaman jinya. Mutum bakwai a kan kafet, butar shayi a tsakiya, Shittu a kusa da ƙofa yana jan carbi. Hajiya Tasallah da mata biyu a bayan labule.

Sufyan ya tare mu. Ɗan Haladu ne tilo, a nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa.

"Ya ammi, min hadol?"

"Baƙi ne, Sufyanu. Masu jin yaren babanka."

Shittu ya ɗago kai. "Malamin kwali ya iso. Yau kuma wace bola aka tono mana?"

"Bolar da za ta rufe maka baki, Shittu."

"Allah ya sa. Ni dai na ce a kira mai ruƙiyya tun satin farko, aka ce na cika baki."

Haladu yana kwance a kan katifa, fuskarsa ta karkace gefe ɗaya. Ya rame har ƙashin kumatunsa ya fito. Idonsa ne kawai bai mutu ba.

Na ce wa Selim, "Bismillah. Fara."

Ya durƙusa. Ya yi masa magana a hankali. Shi-shi ɗin nan ya cika ɗakin.

Haladu ya dube shi kamar yadda ake duban bango.

Selim ya sake. Ya ƙirga masa yatsu. Ya ambaci sunayen garuruwa.

Ba komai.

Sai Haladu ya rufe ido, ya rera nasa. Sau uku.

Selim ya miƙe. "Wannan ba yarenmu ba ne."

"Ka tabbata?" in ji Sufyan. "Abuya ya yi shekara uku a Bolanda."

"Wallahi ko harafi ɗaya ba namu ba ne. Mu ba mu da waɗannan sautukan."

"Kun ji ko?" in ji Shittu. "Na ce muku ba na mutane ba ne."

Na juya wurin Taimur don ya ƙaryata shi.

Yaron yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ma cire takalminsa na biyu ba. Fuskarsa ta yi fari fat.

Na ce, "Naku ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi! Shittu, ka ji? Yaren mutane ne, masu ƙasa da tuta da shayi!"

Daga bayan labule na ji Hajiya ta saki ajiyar zuciya.

Taimur ya matso kusa da kunnena. "Ya Hajj, a rage mutane."

"Me ya sa?"

"Don Allah. A bar ɗansa kawai."

A nan ne na yi abin da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Na ga idon Shittu a kanmu. Na san idan aka fitar da su, gobe za a ce an ɓoye wani abu. Kuma, in faɗi gaskiya, ni ma ina son ji. Sati uku kalmomin nan suna yawo a kaina.

Na ɗaga murya na ce, "Nan babu bare. Duk wanda ka gani a ɗakin nan ya ci abinci a kwano ɗaya da Alhaji. Ka faɗa a gaban kowa, kada ka rage ko wasali. Amana ce na ɗora maka, a garin Manzon Allah."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

Sannan ya cire takalmin, ya je ya durƙusa.

"Gamarjoba," ya ce, gaisuwar garinsu.

Idon Haladu ya buɗe.

Ban taɓa ganin ido ya buɗe haka ba. Hannun hagunsa ya taso ya damƙi rigar yaron. Bakin nan da ya karkace ya fara zubo magana. Ba kalma biyu ba. Magana ce kamar an fasa madatsar ruwa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Sati uku, ashe, mutum ne a ciki yana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Esh yigul?" in ji Sufyan. "Me yake cewa?"

"Yana tambaya ko har yanzu ana ruwan sama kullum a Batumi."

Wani ya yi 'yar dariya. Sufyan ma ya yi murmushi, yana share ido da bayan hannu.

"Tambaye shi ina ya san Batumi," na ce.

Taimur ya tambaya. Ya saurara. Ya riƙa juyo mana da ita guntu-guntu.

"Ya ce jirgin ruwan ne na 'yan Foland. A Legas ya shiga, yana zuba wa inji mai. Bai taɓa kwana bakwai a ƙasar Foland ba."

Ya sake saurara.

"Ya ce da suka tsaya a Batumi zazzaɓi ya kama shi. Aka kai shi asibiti. Jirgi ya tafi da takardunsa."

"Sai me?"

"Wata tsohuwa mai share asibitin ta ɗauke shi zuwa gidanta. Sunanta Eteri. Ɗanta ya mutu a teku. Ta ba shi gadon ɗan, ta ba shi rigunansa. Shekara uku kafin a daidaita maganar takardu ya fita."

"To me ya sa ya ce mana Foland?" Muryar Hajiya ce. Ta manta da baƙi, ta manta da labule. "Shekara talatin da huɗu ina aure da shi. Alhaji, me ya sa?"

Haladu ya juya ido wajen labulen. Yana jin ta. Amsar ce ba ta da hanyar fita sai ta wancan yaren.

Ya yi magana. A ciki na tsinci kalmar da na koya a tasi.

"Tsƙali!" na ce. "Ruwa yake so. Ku miƙo zamzam."

"Ba ruwan sha ba ne, ya Hajj," in ji Taimur. Bai dube ni ba.

"To wane ne?"



Shittu ya daina jan carbi. "Yaro, an ɗora maka amana. Mu ma mun ji."

"Gul," in ji Sufyan. "Faɗi."

Taimur ya juyo wajenmu.

"Ya ce a watan farko ciwon ya dawo. Ya yi kwana huɗu bai san inda yake ba. Tsohuwar ta ɗauka mutuwa zai yi. Ta ji tsoron kada ya mutu a yadda take gani babu tsira. Sai ta kira limaminsu a ɓoye."

"Wane limami?"

"Na coci."

Taimur ya ci gaba.

"Ya zuba masa ruwa a ka, sau uku. Suka sa masa suna."

"Kazzab!" Sufyan ya miƙe tsaye. "Ƙarya kake!"

"Wallahi abin da ya faɗa nake faɗa."

"Wane suna?" in ji Shittu, a hankali, kamar mai tambayar farashin tumatir.

"Shittu, ka ji tsoron Allah," na ce.

"Kai ka ce kada a rage ko wasali. Wane suna?"

Haladu ne ya amsa da kansa. Wannan kowa ya ji, ba a buƙaci tafinta ba.

"Giyorgi."

Wani abu ya faɗi a bayan labule. Ina jin faranti ne.

"To kalmomin nan biyu fa," in ji Shittu, "da yake mayar mana duk lokacin da muka ce la'ilaha illallah?"

"Ma'anarsu, ya Ubangiji ka ji ƙanmu."

Na yi wuf na ce, "Kun ji! Addu'a ce! Wa ya ce haramun ne a ce Ubangiji ya ji ƙanmu? Ba ita muke yi kullum ba?"

"Ban tambaye ka ba, Malam." Shittu bai ɗauke ido daga kan yaron ba. "A garinku, su wa ke faɗin ta haka, sau uku, da wannan rerawar? Ku Musulmi?"

Taimur ya sunkuyar da kai.

"A'a."

"Su wa?"

"A coci ake yin ta."

Mutum biyu suka tashi. Ba su yi sallama ba. Na ji ƙarar takalmansu a matakala.

Selim, wanda tun ɗazu yake jingine da bango, ya ce, "Ya jama'a, ku saurara. Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa, alƙalami ba ya kansa. Ko jariri ya san wannan. An zuba masa ruwa yana sume, me ya aikata?"

"Yana sume aka zuba," in ji Shittu. "Yana sume ya haddace waƙar? Yana sume ya ɓoye mana shekara talatin da takwas? Mutumin nan ya ja mu sallah a gidan nan. Shi ya yi wa 'yata huɗubar suna."

"Kuma shi ya ɗauki gawar matarka a kafaɗarsa har Baƙi'a," na ce, "ranar da kai ka kasa tsayuwa."

Shittu, da ya riga ya miƙe, ya kau da kai. Amma bai zauna ba.

Haladu yana ta jan rigar Taimur. Maganarsa ta ƙara sauri, numfashinsa na yankewa a tsakani.

"Yana cewa..." Taimur ya ɗaga murya don a ji shi. "Yana cewa da ya farfaɗo ya yi kuka, ya yi wanka a teku, ya sake shahada shi kaɗai. Tsohuwar ba ta taɓa tilasta masa shiga coci ba. Amma duk dare tana zama a gefen gadonsa ta ɗora hannu a goshinsa ta rera wannan. Shekara uku."

Ya saurara kuma.

"Ya ce saboda ruwan nan ya zo Madina. Ya ce ya yi umara ta fi ɗari don ya wanke shi. Bai taɓa tambayar malami ba, don kada a sani."

Numfashin Haladu ya fara ƙara, kamar ana jan zare a cikin kwalba.

"Ya ce yanzu idan kuka ce masa la'ilaha illallah, yana ji, yana faɗa a zuciyarsa. Idan ya buɗe baki sai ta tsohuwar ta fito. Ya ce yana jin tsoro. Yana tambaya..."

Ya sake farawa.

"Yana tambaya ko Allah ne ya ƙi karɓa."

Na dubi Sufyan. Na ɗauka zai faɗa kan ubansa ya rungume shi.

Ba uban yake kallo ba. Ƙofa yake kallo, inda mutum biyun suka fita. Yaron da ya tashi a unguwar nan ana ce masa ɗan mai sahun gaba. Gobe zai shiga masallaci, zai shiga baƙala sayen cefane, zai je wurin aiki.

"Khalas," ya ce. "Ya isa. Ku fita."

"Sufyanu..."

"Inta kaman, ya ammi. Har da kai. Kai ka kawo su. Kai ka ce a faɗa a gaban kowa."

Gaskiya ya faɗa.

"Ka ba ni minti ɗaya," in ji Taimur. "Larabci ba ya fita daga bakinsa, amma namu yana fita. Zan faɗa masa ma'anar shahada da yarenmu, ya maimaita. Ba a taɓa gwada wannan ba. Minti ɗaya."

"Shahada da yaren coci?" in ji Shittu.

"Yaren uwata ne!" Taimur ya juyo, idonsa ya yi ja. "Da shi kakana ya yi addu'a a ɓoye lokacin da aka rufe mana masallatai. Yare ba shi da addini, ya Hajj!"

"Sufyanu, ka bar shi." Hajiya Tasallah ce. Ta ɗaga labulen, ta fito, mayafinta a karkace. Ban taɓa ganin fuskarta ba sai ranar. "Ka bar shi ya gwada. Ni na ce."

Taimur bai jira ba. Ya sa bakinsa a kunnen Haladu, ya faɗi wasu kalmomi, a rarrabe, ɗaya bayan ɗaya. Ya sake faɗa.

Idon Haladu ya tsaya a kansa.

Leɓensa ya fara motsi.

A daidai nan wayar Sufyan ta yi ƙara. Ya duba. Ta sake ƙara, ta sake. Saƙonni ne. Mutum biyun ko gida ba su kai ba, maganar ta riga ta shiga zauren unguwa na waya.

Na ga fuskarsa ta canza.

Ya cafko Taimur ta wuyan riga ya fizge shi daga kan katifar.

"Barra! Itla' barra! Fita waje!"

"Ka bari in ji! Yana faɗa! Ka bari in ji abin da..."

Selim ya shiga tsakani. Butar shayi ta kife. Hajiya tana kiran sunan ɗanta. Suka yi ƙofa gaba ɗaya, suna turereniya, har kan matakala. Sai ga kiran sallar Magariba daga masallacin da ke jikin gidanmu, lasifikar tana saitin tagar.

Ni kaɗai na rage a gefen katifar.

Na durƙusa. Na kai kunnena bakinsa.

Ya faɗi wani abu. Da ƙyar, iska ta fi murya yawa. Gajere ne. Ko kalma biyu, ko huɗu, ban iya rabewa ba.

Na saurara da duk abin da Allah ya ba ni. Ni da na tara rubutun duniya a akwati. Ni da na san yaren Foland yana shi-shi, na Jojiya yana ƙa da tsa, na san suna ƙirga da ashirin, na san sunan ruwa.

Ban san me ya ce ba.

Ya ja numfashi ɗaya mai tsawo. Na jira na biyun.

Ladan ya kai la'ilaha illallah, ya yi shiru.

Na biyun bai zo ba.

Na shafa idonsa na rufe. Na gyara masa haɓa. Hannun hagunsa yana nan a dunƙule, da maɓallin rigar Taimur a ciki.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Sufyan ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya kasa shigowa. Taimur yana bayansa, rigarsa a yage. Hajiya ta zauna a ƙasa inda shayin ya zube, ba ta yi kuka ba. Ni take kallo. Ni da na yi mata alkawari.

"Ka ji?" in ji Taimur. "Ya Hajj, maimaita min sautin kawai. Ko yaya ne. Zan gane."

Na buɗe baki.

Kalmomi biyun nan na sati uku ne suka taso min, don da su kunnena ya saba. Ban sani ba ko su na ji, ko su na haddace. Na rufe bakina.

Gobe bayan Asuba za a kira sallar gawa a Harami. Daga nan sai kafaɗu, daga ƙofar masallaci zuwa Baƙi'a. Kafaɗun kuwa su ne waɗannan da ke tsaye a ɗakin.

Shittu ya mayar da carbinsa aljihu. Ya matso, ya dubi gawar, ya daɗe. Idonsa ya kawo ruwa, ban yi zato ba. Da ya yi magana babu izgili a muryarsa, kuma wannan ya fi min ciwo.

"Malam Ɗan'inna, kai ne a bakinsa. Don girman Allah ka gaya mana, mu san abin da za mu ɗauka gobe. Wacce ya cika da ita, tamu ko ta tsohuwar?"